Tambaya da Amsa: Ruwan Batir Ya Cinye Mini Daɓe da Akwati

Assalamu alaikum, masu karatu. Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan karo a kan batirin sola suke, kuma ban yi mamaki ba. Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, gidaje da shaguna da yawa a Maraɗi suka koma ga hasken rana, kuma ko da aka maido da wutar a watan Maris na 2024 mutane ba su sauke allunansu daga kan rufi ba. A ƙauyukan da wayar lantarki ba ta taɓa kaiwa ba kuwa, dama can sola ce madogara. Baturan da aka saya a wancan lokaci sun fara tsufa, tsohon batir kuma shi ne mai yoyo. Na zaɓi wasiƙu biyar na taƙaita su, na kuma fi daɗewa a kan ta farko domin amsarta ta shafi kowa.

Tambaya ta farko daga wani mai shagon cajin waya da sayar da ruwan sanyi ce a unguwar Ali Ɗan Sofo. Ya ce: “Malam, ina da manyan batura huɗu masu ruwa, kowanne 200Ah. Saboda ɓarayi na sa mai walda ya yi mini akwatin ƙarfe da murfi da kwaɗo, muka ajiye a kan daɓen siminti a kusurwar shago. Yanzu gindin akwatin ya yi tsatsa ya huje, simintin da ke ƙarƙashi ya yi fari yana marmashewa, in na buɗe murfi kuma wani wari yana shaƙe ni. Me zan yi?”

Ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a kasuwa. Abin da ya cinye maka akwati da daɓe shi ne ruwan batir, wato asid ɗin da ake kira salfurik gauraye da ruwa, wanda a batir mai cikakken caji wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa asid ne zalla. Baƙin ƙarfe ba ya jure masa, haka kwanon rufi da alminiyam. Siminti ma abincinsa ne, domin yana haɗuwa da sinadarin farar ƙasa da ke cikin simintin ya mayar da shi wani farin gari marar ƙarfi mai kumbura, shi ne kake gani yana marmashewa. Katako yakan yi baƙi ya ruɓe, tufar auduga kuwa ba ta nuna komai a ranar, sai an wanke ta a gan ta duk huji. Na ga haka a rigata bayan na rungumi batir a ƙirji don in sauke shi daga amalanke, alhali samansa kawai ke da ɗan danshi.

Kada ka ɗauka sai batir ya tsage sannan yake zubar da ruwa. Duk lokacin da caji ya kusa cika, ruwan da ke ciki yakan yi ƙananan kumfa, kumfan su fashe su fitar da feshi mai laushi ta ramukan murafu, feshin ya sauka a saman batir ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama danshi mai yauƙi, ya riƙa gangarowa ta gefe ɗigo-ɗigo har ya taru a ƙasa. Da yayyafi kogi kan cika. Wata shida na irin wannan ɗigon ya isa ya huda gindin akwatin ƙarfe.

Ƙa'idar ma'ajiyar batir ita ce gindi a toshe, sama a buɗe. Naka akwatin a juye yake, domin ƙasansa na yoyo samansa kuma a rufe ruf. Mu fara da ƙasa. Abin da zai tare asid shi ne roba, amma ba kowace roba ba. Ka juya kwanon roba ka duba bayansa, za ka ga ƴar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki; lamba 2, wadda ake rubuta HDPE a ƙarƙashinta, da lamba 5 mai PP, su ne asid ɗin batir ba ya ci, kuma da irin mai lamba 5 ɗin ake yin jikin yawancin batura. Bidon man girki mai ruwan ɗorawa na lita 25 da shuɗin duro na lita 200 duk da robar lamba 2 ake yin su. Mai ƙaramin batir ɗaya yana iya kwantar da bido ya yanke gefensa na sama ya sami baho mai kyau kyauta. Naka baturan kuwa tsawon kowanne ya kai rabin mita, nauyinsa kuma wajen kilo 60, saboda haka shawarata ita ce ka sa magini ya yi maka ɗan dakali, ya zagaye samansa da bulo kamar ƙaramin kwami, sannan a shimfiɗa masa leda mai kauri irin wadda ake yin tafkin kiwon kifi da ita, falle ɗaya ba haɗi. A kusurwa a ninke ledar ninkewa, kada a yanka ta, kada kuma a buga mata ƙusa ko ɗaya a ƙasa da bakin kwamin. Wasu sukan manna karo, wato tayil, su ɗauka sun gama. Karon kansa yana jure asid, amma simintin da aka cike tsakaninsa da shi ba ya jurewa, ta nan ruwan zai bi ya shiga ƙarƙashi. Idan dole ne a bar siminti a fili, to a shafe shi da kwalta ko fentin efoksi sau biyu ko uku, a riƙa duba shi kowace shekara.

Zurfin kwamin ya kai santimita 10, faɗinsa kuma ya zarce batura da ƴan yatsu uku ko huɗu ta kowane gefe domin ɗigon da ke bin jiki ya faɗa ciki. Babban batir irin naka yana ɗauke da fiye da lita 10 na ruwa. Gaskiya ne an raba cikinsa gida shida, kowane gida da bangonsa, shi ya sa in ya tsage yawanci gida ɗaya ko biyu ne ke tsiyayewa. Duk da haka ka yi lissafinka a kan cewa batir guda zai zube gaba ɗaya. Kwami mai tsawon santimita 130 da faɗin 60 da zurfin 10 yana cin lita 78 idan ba komai a ciki, amma da zarar batura huɗu sun zauna daram a gindinsa sun cinye yawancin wurin, abin da ya rage bai wuce lita ashirin da ƴan kai ba. Don haka ka ɗora su a kan guntayen roba masu kauri ko ƙonannen bulo da aka shafe da kwalta, su ɗago daga ƙasa, ka bar tazarar yatsa biyu tsakanin batir da ɗan'uwansa don iska ta ratsa. Amfanin ɗagawar ya wuce ƙarin wuri: za ka iya haska tocila ƙarƙashi ka ga ɗigo tun yana ɗigo. Ka barbaɗa dakakkiyar kanwa sama-sama a gindin kwamin, duk inda asid ya sauka za ka tarar wurin ya jiƙe ya yi kumfa, ka san batirin da za ka tuhuma. Kada ka yarda a huda wa kwamin hanyar da za ta fitar da ruwa zuwa kwata ko bayan shago, domin an yi shi ne don ya riƙe abin da ya zuba har ka zo ka kashe shi. Dakalin kuma ya yi tudu sosai. Wanda ya ga yadda ruwa ya shiga gidaje a Maraɗi a daminar 2024 ba ya bukatar a gaya masa dalili.

Yanzu sama, kuma nan ne na fi jin tsoro a wasiƙarka. Kumfan nan da na ambata iskar haidirojin ce da iskar oksijin, waɗanda ke fitowa idan wuta ta raba ruwa gida biyu. Haidirojin ba ta da launi ba ta da wari, ta fi kowace iska rashin nauyi, shi ya sa take taruwa a ƙarƙashin murfi, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya tashe ta. Baturanka huɗu gida 24 ke nan. Idan sun cika amma wutar caji mai ƙarfin amfiya 5 ta ci gaba da ratsa su a jere, za su iya fitar da kusan lita 50 na haidirojin a awa guda, alhali akwatin da cikinsa ya kai lita 500 lita 20 kawai yake bukata ya kai wancan mizani. Batirin da ya fashe ta wannan hanya kuwa asid yake watsawa a fuskar wanda ke tsaye a kansa. Ka mayar da akwatin nan keji na sandunan ƙarfe da aka yi wa fenti, ƙafafunsa a wajen kwami, ɓarawo ba zai ɗauka ba iska kuma za ta wuce. In kuwa dole sai rufaffen akwati, a yi masa mashigar iska a ƙasa-ƙasa daidai saman bakin kwamin, da mafita a wurin da ya fi ko'ina tsawo, a jona mata bututun roba da ke hawa sama ya fita waje, a sa raga a bakinsa saboda ɓera da ƙadangare. Inbata da na'urar daidaita caji a kafe su a bango can gefe. Kada a sa su cikin akwatin ko a rataye su a kansa, domin feshin asid yana cin cikinsu, su kuma suna iya yin tartsatsi. Taba, ashana da fitilar kananzir kada su kusanci wurin. Warin da ke shaƙe ka feshin asid ne da ya rasa mafita; amma ran da ka ji wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ka kashe caji nan take, ka buɗe ƙofa da taga, ka fita, sai wurin ya sha iska ka kira mai gyara, domin wannan iska ce mai guba da batirin da ya yi zafi fiye da kima ke fitarwa.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo ce a Tibiri: “Batirina da bazara ta kama, kullum da azahar sai in ji yana tafasa, ruwa yana fitowa ta murafu yana bin jikinsa. Kowane mako ina sayen ruwan batir a kasuwa in cika shi har baki, amma abin sai ƙaruwa yake.”

Baba Alhaji, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abubuwa uku suka haɗu a batirin nan. Na farko cikawa har baki. Ruwan batir yana hauhawa idan ana caji kuma ya ɗauki zafi, shi ya sa masu ƙera shi suka bar fili a sama. Wanda ya cike filin da safe zai tarar da ruwan a waje da azahar. Ya isa ruwa ya rufe farantan dalmar da ke ciki da kamar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ko ya tsaya tsakanin layuka biyu da aka zana a jikin batir in yana da su. A ƙara ruwa bayan caji ya cika. Sai fa idan an leƙa an ga kan farantan a bushe, to a zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, sannan a ƙarasa.

Na biyu shi ne abin da kuke zubawa. A kasuwa abu biyu ake kira ruwan batir: akwai asid da ake cika sabon batir da shi sau ɗaya tak, akwai kuma tataccen ruwa da aka samo daga tururi, wanda masu kayan mota ke kira distile. Abin da ke raguwa a batir mai aiki ruwa ne, asid ɗin yana nan, saboda haka distile kaɗai ake ƙarawa. Duk wanda ke ƙara asid a kan asid yana ƙara masa kaifi ne, faranti su lalace da wuri, abin da ke zubowa kuma ya fi ƙuna. Su biyun a ido iri ɗaya ne, amma gwajinsu ba wuya: a ɗiga ɗigo ɗaya a kan ƙwayar kanwa, in ta yi kumfa tana tsuwa to asid ne, in ta jiƙe kawai to ruwa ne. Ruwan rijiya da na famfo da na leda kuwa suna da gishiri da ƙarfe narkakku waɗanda ke kashe batir a hankali.

Na uku, wanda nake zaton shi ne tushen abin, caji ne ya yi yawa. Batirin da ke shan ruwa kowane mako ana dafa shi ne. Ko dai an haɗa allon sola da batir kai tsaye ba na'urar daidaita caji a tsakani, abin da na gani sau da yawa a ƙauyuka, ko kuwa na'urar tana nan amma an bar ta a kan lissafin ƙasashe masu sanyi. Masu ƙera batir mai ruwa na volt 12 sukan ba da iyakar caji tsakanin volt 14.4 da 14.8, amma a zafin digiri 25 suke nufi, kuma sukan ce a rage wajen volt 0.02 zuwa 0.03 a kan kowane digiri da ya haura haka. A watan Afrilu da Mayu zafin Maraɗi yana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi, ke nan sai an rage kusan 0.3 zuwa 0.45. Na'urori masu kyau suna zuwa da ƴar waya mai auna zafi da ake mannawa a jikin batir su riƙa ragewa da kansu. Sau da yawa ana barin ta a cikin kwali ba a ma san amfaninta ba. Ku sa yaro ya kira mai gyara ya auna da mita da tsakar rana, ya daidaita bisa takardar batirin. A kuma fitar da batirin daga inda rana ke dukan bango, domin duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rabin kwanan batirin dalma. Idan aka gyara caji amma gida ɗaya cikin shida ya ci gaba da tafasa shi kaɗai, ko jikin batirin ya kumbura, to ya mutu, a sauke shi. Farin gari ko shuɗi-shuɗi da ke taruwa a kan sandunan batir kuma a wanke shi da ruwan kanwa da tsohon buroshi, murafu a rufe gam don kada ruwan kanwar ya shiga ciki, a goge ya bushe a shafa basilin.

Ta uku wata uwa ce daga Madarunfa, kuma wasiƙarta ta tayar mini da hankali: “Akuya ta ture batirinmu a tsakar ɗaki, ruwansa ya malale. Na zuba zabel da omo na goge da tsumma, sai tari ya kama ni idona yana hawaye. Ƙaramin ɗana kuma ya taka wurin, tafin ƙafarsa ya yi ja. In haka ta sake faruwa yaya ya kamata in yi?”

Ƴar'uwa, Allah ya ƙara kiyayewa, ya ba yaro lafiya. Tarin da ya kama ki daga zabel ne, wato ruwan nan na wanki mai farar da tufa. Idan ruwan zabel ya haɗu da asid yana tayar da iskar kulorin mai ƙona huhu, don haka kada ki sake haɗa su ko da wasa, ki kuma gaya wa maƙwabta. Idan ruwan batir ya zube, a fara da mutane kafin daɓe. A fitar da yara da dabbobi, a buɗe ƙofa da taga. Wanda ruwan ya taɓa a cire masa tufar da ta jiƙe, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta a wurin na aƙalla minti 20 ba tsayawa, ko da ya ce zafin ya tafi. In a ido ne, a buɗe fatar idon da yatsa a riƙa zuba ruwa da buta daga wajen hanci zuwa waje don kada ya gangara cikin ɗaya idon, a ci gaba da zubawa har a kan hanyar asibiti. Kada a sa kanwa, toka, manja, man shanu ko maganin goge haƙori a ido ko a kan ƙunar. Kanwa ta daɓe ce, jikin mutum ruwa kawai yake so. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro a fitowa, kada kuma a ba shi ruwan kanwa. A kurkure masa baki a garzaya asibiti. Ƙafar ɗanki ma, in ta tashi ko ta sale, ki kai shi likita ya gani.

Bayan an gama da mutane sai a koma ga abin da ya zube. Ki sa safar hannu ta roba da takalmin roba, ki kare idonki da tabarau. Ki zagaye ruwan da busasshen yashi ya daina tafiya. Garin katako, tsumma da ƙaiƙayi ba su dace ba domin asid yana cin su. Sannan ki barbaɗa bikarbonat, wanda ake samu a farmasi da shagunan kayan kek, ko dakakkiyar kanwa, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan saboda yana kumfa yana ɗumi. Idan kin ƙara kin ga kumfa ya daina tashi, asid ya mutu. Mutane sukan raina yawan da ake bukata: lita ɗaya ta ruwan batir mai cikakken caji tana cin kusan giram 800 na bikarbonat, kanwa kuwa tun da tana da ƙasa da gishiri a ciki takan fi haka. Tokar murhu ma tana taimakawa in ba komai a kusa, sai dai ƙarfinta kaɗan ne. Ki kwashe dagwalon da cebur ko murfin roba ki zuba a bokitin roba mai murfi, ki wanke wurin da ruwan kanwa. Kowane gida mai batir ya kamata ya ajiye kwano guda na dakakkiyar kanwa a rufe, da bidon ruwa cike, a inda hannu zai kai gare su cikin duhu.

Akwai abin da nake roƙon iyaye mata su sa wa ido musamman. Na taɓa shiga wani gida na tarar da sauran asid a cikin gorar ruwan sha ta roba, an jingine ta a gindin randa, fari tas kamar ruwan da ke cikin randar, yara kuma suna wasa a tsakar gida. Kada a zuba asid ko distile a gorar ruwa ko ta lemo. A bar shi a mazubinsa na asali, a yi masa alama da jan fenti, a kulle shi. Batir kuma ba a ajiye shi a ɗakin kwana, ba a kuma barin sa a ƙasa inda akuya ko mai rarrafe zai kai gare shi.

Wani ma'aikacin ɗakin shan magani a yankin Gidan Rumji ya tambaya a taƙaice ko batirin jel ko na litiyam zai raba su da wannan matsala, tun da firjin allurar rigakafi a kansa yake.

Malam, zai rage ta ƙwarai. Batirin jel da ɗan'uwansa AGM su ma dalma ce da asid iri ɗaya, sai dai an daskarar da asid ɗin ko an tsotse shi cikin wani abu mai kama da auduga, shi ya sa ko an karkata su ba sa malala. Amma ba a ƙara musu ruwa, saboda haka cajin da ya wuce kima cikin zafi yana busar da su ya kumbura su, kuma har yanzu suna da ƴar ƙofar da ke sakin haidirojin, don haka su ma ba a kulle su a akwatin da ba iska. Litiyam irin wanda ake rubuta wa LiFePO4 ba shi da wannan asid ko kaɗan, ya fi kuma daɗewa, sai dai yana da tsada, yana bukatar na'urar caji da ta dace da shi, kuma shi ma yana son inuwa. Wurin da ake ajiye magani kuma marasa lafiya ke shiga, ni da zan zaɓa ba zan sa batir mai ruwa ba.

Wasiƙa ta ƙarshe daga wani matashi ce mai haɗa sola a Tasawa. Ya ce masu sayen tsofaffin batura sukan ce a tsiyaye ruwan tukuna domin dalma kawai suke aunawa, shi kuma yakan zubar a bayan gida ko a kwata. Yana tambaya ko da laifi.

Ƙanena, da laifi babba, kuma na ji daɗi da ka tambaya. Ruwan tsohon batir asid ne da ke ɗauke da dalma, narkakkiya da kuma baƙin laka da ke kwance a gindinsa. Kanwa tana kashe asid amma ba ta kashe dalma. Dalma tana zama a ƙasa shekara da shekaru, yara su yi wasa a wurin su kai hannu baki, kaji su yi tono, ruwan sama ya ja ta zuwa rijiya ko fadamar gulbi inda ake noman rani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizanin dalma a jinin yaro da aka san ba ya cutarwa, kuma ɓarnar da take yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Maƙwabtanmu na Zamfara sun rasa yara aƙalla 400 a 2010 saboda gubar dalma da ta fito daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a gidaje. A unguwar Caroy da ke gefen Dakar a Senegal kuwa, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, kuma dalilin shi ne ƙasar unguwar da fasa tsofaffin batura ya gurɓata.

Ka sayar da batir yadda yake, da ruwansa, murafunsa a ɗaure, a tsaye ba a kwance ba, ko da mai saye zai rage maka kuɗi saboda nauyin ruwan. Ka fi neman dillalin da ke karɓar tsoho ya ba da sabo. Wanda ya tsage ka sa shi cikin yankakken bido ka barbaɗe da kanwa kafin ka ɗora a babur ko amalanke, ka ɗaure shi kada ya yi tsalle. Dagwalon da aka kwashe bayan an kashe asid da yashin da ya sha shi a bar su su bushe a cikin bokitinsu inda yara ba sa zuwa, a ƙulle cikin leda mai kauri a haɗa da tsohon batirin su tafi tare. Kada ka fasa batir, kada ka narka dalma a gida ko a tukunyar da za a sake girki da ita. In ka tashi daga aiki ka wanke hannu da sabulu kafin ka ci abinci, ka bar kayan aikinka da takalminka a shago, kada a haɗa wankinsu da na yara. Tun da kuma kai ne mutane ke kira ka haɗa musu, ka sa kuɗin bahon roba da bututun iska cikin lissafinka tun ranar farko, ka nuna wa matar gida inda kanwa da bidon ruwa za su zauna kafin ka karɓi kuɗin aikinka.